Abin da masu dawaki suka tattauna a Sakkwato

Ciwon ciki ne ya fi cin lokacin zaman. Dattawa suka ce in doki ya ƙi ci, yana birgima yana waiwayen cikinsa, a janye hatsi nan take a kira likitan dabbobi, kada a tsaya ɗura masa jiƙo. Yawanci canza abinci farat ɗaya ne ke jawo shi, ko harawa mai ruma, ko ƙarancin ruwa lokacin bazara. Ni ma na taɓa rasa doki a haka, shi ya sa maganar ta taɓa ni.

Sai share kofato kullum, cire kaska, maganin tsutsar ciki. Ciwon da ya gagara, a kai asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.