Haƙoran roba suna ji wa Baba ciwo a dasashi

Ɗan Ringim:
Salamu alaikum jama'a. Wata 5 ke nan da aka yi wa mahaifinmu haƙoran roba na ƙasa. Yanzu dasashinsa ya yi ja, ga ɗan miki ta hagu. Ya bar goro da ƙuli-ƙuli, sai kunu da fura. Da su yake kwana, wai kar jikoki su gan shi wawulo. Ina mafita?

Uwar Biyu:
Wa'alaikumus salam. Ai kwanan da su ne matsalar, ɗana. Ya riƙa cirewa da dare, a wanke da burushi mai laushi, a jiƙa a kofin ruwa, ban da na zafi, yana lanƙwasa su. Ya kuskure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri.

Malamin Asibiti:
Bayan cire haƙori dasashi yakan motse, sai robar ta yi sako-sako tana gurzarsa. Likitan haƙori zai rage wurin ko ya cike ta. Kar ku kankare da kanku. Mikin da ya wuce mako 2 kuwa, a kai shi Dutse ko Kano a duba, musamman in yana da ciwon suga.

Ɗan Ringim:
Na gode. Har na ɗauko reza jiya, Allah Ya kiyaye.