Gaɓa nawa ce a "sciamo" na Italiyanci?

Jama'a, a taimaka min. Ina koyon Italiyanci, aikatau "sciare", wato zamiya a kan ƙanƙara, ya hana ni sakat. A "lasciamo" (wato "muna bari") na gane: la-scia-mo, harafin i ba ya fita, aikinsa kawai ya mayar da sc ta zama "sh". To amma ƙamus ya raba "sciare" gaɓa uku, sci-a-re, kuma sigar asali kaɗai ya kawo. Na sa "sciamo", sigarsa da ake amfani da ita da "noi" (mu), a wata manhajar raba gaɓoɓi, ta ba ni scia-mo. Na saurari Italiyawa, kunnena "shi-a-mo" yake ji, sai dai saurinsu ya yi yawa.

Shin a "noi sciamo" ana furta i ɗin a matsayin gaɓa mai zaman kanta?