Yaya zan nuna wa ɗalibai jerin da ke cikin gishiri?

Sabon malami, Birni: Assalamu alaikum malamaina. Bana na fara koyar da kimiyya a wata makaranta nan Damagaram, ga darasin kiristal ya iso. Na zana a allo cewa ƙwayoyin zarra na gishiri a jere suke, tsari ɗaya yana ta maimaita kansa, amma yara sai kallona suke. Ba mu da ɗakin gwaji. Ku ba ni dabara don Allah.

Malama, Sabon Gari: Wa alaikumus salam Malam. Bar allon tukuna. Narka gishiri a ruwan ɗumi har ya ƙi narkewa, ka tace, ka zuba kaɗan a baƙin faranti, ka ajiye a inuwa, ka rufa da mayafi saboda ƙurar hunturu. In ruwan ya bushe a hankali za su ga 'yan dunƙulaye masu kusurwa huɗu ras, kamar an yanka da wuƙa. Kada ka shanya a rana, sauri ƙanana yake fitarwa. Sai ka tambaye su wa ya yanka. Daga nan za su yarda cewa siffar waje daga jerin ciki ta fito.

Tsohon malami, Zango: Ɗana, bi ta Malama, sannan ka sa su mulmula yumɓu kala biyu su haɗa da tsinken tsintsiya. Amma ka kula, nan ake yawan ɓata yara: gishiri ƙwayoyin zarra iri biyu ne, sodiyom da kulorin, kowane da kalarsa ta yumɓu; kada su haɗa sodiyom ɗaya da kulorin ɗaya su ware gefe. Kowane sodiyom kulorin 6 ne ke kewaye da shi, kowane kulorin ma sodiyom 6, haka har ƙarshen dunƙulen gishirin. Wannan riƙon ne ya sa gishiri bai narkewa da wuta sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyas. Wani masanin kimiyya na Ingila, Bragg, da ɗansa suka gano jerin a 1913 da hasken eksire, aka ba su kyautar Nobel a 1915.

Ɗaliba, Jami'ar André Salifou: Malam, ka shiga aji da fensir. Bakinsa da daimon duk kabon ne, sinadarin da ke cikin gawayi, jerin ne ya bambanta. A daimon kowace ƙwaya ta riƙe 4, a fensir 3 kawai, shimfiɗa bisa shimfiɗa, shi ya sa yake gogewa a takarda.

Sabon malami, Birni: Allah ya saka da alheri. Baba, gishirin Balma zai yi, ko sai na leda?

Tsohon malami, Zango: Zai yi, amma kantu da ƙasa a ciki. Tace shi sau biyu.