Kakkarwa da ƙarar inji a goslo: wa ya taɓa gani a motarsa?

Mai Golf, Tudun Wada
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da Golf 3 mai giyar hannu, wata biyu ke nan tana wani abu da ya hana ni sukuni. In na shiga goslo tsakanin Agoro da PZ ina lamba uku, da na taka totur sai gaban motar ya hau kakkarwa, inji yana gurnani, wani lokaci har da ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Da hanya ta buɗe sai ta yi shiru. Na canza filogi, abin yana nan. Gaskiya tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 na saba da saurin haura giya don in rage shan mai. Wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Direban Sharon, Zariya zuwa Kaduna
Wa alaikumus salam. Malam, giyar ce ta fi ƙarfin injin a wannan gudun. Ni ma na yi haka. Zan hau gadar Kwangila da fasinja cike, but ɗin cike da buhuna, in ƙi sauka daga lamba huɗu, sitiyari yana rawa a hannuna har madubi ya daina nuna komai sosai. Ƙarshenta mauntin ɗin inji, wato robar da ke riƙe shi a jikin mota, ya tsage. Yanzu in allurar agogon rezin, mai nuna saurin juyawar inji, ta faɗi ƙasa da 1,500 kuma ina son mota ta ja, sai in sauko zuwa giyar da ke ƙasa da wadda nake ciki.

Bakanike, Sabon Gari
Yallaɓai, ka saurari direba. Ka tuna ɗan keke da ya zo hawa da kaya: ƙafarsa na juyawa a hankali, amma kowane taku da dukkan ƙarfinsa yake yi, gwiwa ce ke shan wuya. Haka fistin yake dukan karanshaf, wato sandar da yake juyawa, in inji na juyawa a hankali kuma ka danna totur. Abin da ya fi damuna shi ne baƙin mai. Fanfon da ke tura shi, injin ne ke juya shi, don haka in rezin ya yi ƙasa turin mai yana raguwa, a daidai lokacin da metal, wato ƙarfen da karanshaf ke juyawa a cikinsa, ya fi bukatarsa.

Kwanaki na buɗe injin wata 406, na ɗora metal ɗin a tafin hannuna na nuna wa mai ita. Fuskar metal ɗin ta goge har jan ƙarfen ciki ya fito, ga zane-zane kamar an ja ƙusa. Bawan Allah ya yi shiru, sannan ya ce shekara guda ke nan yana yawon cikin gari a lamba huɗu. Akwai kuma sakacin juye a ciki, ban ɗora wa tuƙi shi kaɗai ba, amma na ji masa ciwo, domin kuɗin gyaran ya ninka man da ya yi tattali.

Ƙarar tsakuwar kuwa, fetur ne ke fashewa ba bisa tsari ba a cikin silinda. Motoci masu kwamfuta suna da sensa mai jin wannan ƙwanƙwasa ta ja taimin, wato lokacin da filogi ke ba da wuta, baya, sai dai ƙarfi ya ragu. Ga gwaji: in ta fara, sauko zuwa lamba biyu ba tare da ka ƙara gudu ba. In ta ɗauke nan take, tuƙi ne.

Malama daga Samaru
Ni tawa ta ɗan bambanta. Corolla ce, kuma kullum ina tsallake tudun rage gudu na wajen ƙofar ABU a lamba uku, saboda ina tsoron ƙarar inji, gani nake in ya ɗaga murya wahala yake sha. Yayana ne ya zauna gefena ya gyara min. Kakkarwa ta tafi, amma wata ƙara kamar ta kwano tana nan. Ashe farantin da ke kare zafin salansa ne ya saki, ƙusa ɗaya aka ɗaura. A riƙa leƙa ƙarƙashin mota ma.

Dattijo mai 504, Ƙofar Doka
Hajiya ta yi gaskiya. Sannan ka lura da man da kake sha, ɗana. Duk ranar da lalura ta sa na sayi na 'yan bumburutu aka dace da gauraye, tawa tana ƙwanƙwasa ko a lamba biyu. Mu masu kafireta babu sensa, da kunne ake saita mana taimin.

Mai Golf, Tudun Wada
Allah ya saka da alheri, Baba. To oga bakanike, shan man fa? Shi ne ya kai ni.

Bakanike, Sabon Gari
Babbar giya tana rage shan mai in hanya a miƙe take kuma ƙafarka a sake. Amma in sai ka kai totur ƙasa kafin ta motsa, inji ƙarin mai yake zubawa, ga zafi. Kada kuma ka koma riƙe rabin kuloci don kashe kakkarwar, farantin kulocin za ka ƙone.

Mai Golf, Tudun Wada
Na gwada yau da safe. Daga Agoro har PZ a lamba biyu, ban ji tsakuwar ba ko sau ɗaya, kuma da keke napep ya yanko gabana ya wuce, ina taɓa totur ta amsa. Saura wani "ƙum" da nake ji lokacin tashi daga tsaye. Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo Sabon Gari a duba min mauntin.