Neman shawara: in riƙa karɓar kuɗin injin wanki a hannun baƙi, ko in bar musu?

Maman Iman:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu gidajen saukar baƙi. Ku yi haƙuri da tsawon rubutuna, abin ne ya hana ni barci. Ina da fulat mai ɗaki biyu da falo a Hotoro, nan Kano. Asalinsa gadon mahaifinmu ne, Allah ya jiƙansa. Mu huɗu ne, na sayi kason ƙannena biyu, Yayanmu kuma ya ce a bar nasa a ciki, duk wata in riƙa ba shi rabonsa. Shekara biyu ɗan haya yana ciki, sai da aka kai ruwa rana kafin ya tashi. Na sake fenti da tayil, na sayar da sarƙata na sa AC uku da hitar wanka biyu. Injin wankin ma ba niyyata ba ce, ƙanwar maigidana ce ta ce masu zuwa daga waje ba sa kama gidan da babu shi, shi ne na ɗauki adashina na saya.

Makon jiya wasu suka kama kwana biyar, bikin 'yar uwarsu. Mutum huɗu aka ce min, amma maigadi ya ce kullum ana shigowa da kaya a Ghana-must-go, injin bai huta ba. Katin wuta na dubu 62 na loda, ranar da suka tafi mita kuka yake. Injin kuma ya tsaya da ruwa a cikinsa, ƙofar ta ƙi buɗuwa har yanzu. Yaya ya ce ko in sa dubu biyu kowane wanki ko in cire shi. Maigidana ya ce abin kunya ne, baƙonka annabinka. Ranar Juma'a wasu za su shigo. Don Allah ya zan yi?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ba ki faɗi abin da za a yi lissafi da shi ba. Injin mai ƙofa a gaba ne ko a sama? Wanki kawai yake ko har da busarwa? Wane rukunin wuta kike? Nawa kike ba da kwana ɗaya? Baƙin ta manhaja suke zuwa ko ta hannun mutane?

Injiniya Bashir:
Hajiya, kafin maganar kuɗi, ki fara ceto injin. Tunda ya tsaya da ruwa ƙofa a kulle, mai ƙofa a gaba ne, kuma matatar fitar da ruwa ce ta toshe. Ƙofar ba ta lalace ba, haka aka yi ta, ba ta buɗewa muddin akwai ruwa a ciki. Idan LG ne zai nuna OE a fuskarsa, idan Samsung ne 5C ko 5E. Ki zare filogi. A can ƙasa, galibi ta dama, akwai ɗan murfi. Ki buɗe, za ki ga siririn tiyo mai toshi, ki tara faranti mai faɗi ki zuƙe ruwan kaɗan-kaɗan, da tsumma a ƙasa. Idan ya ƙare sai ki murɗa babban murfin zuwa hagu ki zaro matatar. Bayan biki abin da ake tararwa a nan sananne ne: duwatsun leshi, fil ɗin mayafi, ƙarfen rigar mama, safar jarirai. Ki wanke, ki sa yatsa ki juya ɗan fankan da ke ciki ki ga yana juyawa, ki mayar ki ɗaure sosai. Ki ba shi minti biyu ko uku, ƙofar za ta saki. Kada wani ya ɓalle ta da sukuddireba, makullin ya fi aikin tsada.

Yanzu lissafi. Idan kina Band A, wato rukunin wuta mafi tsada, tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta NERC ta kai yunit naira 225, daga baya ya dawo 209.50, da shi za mu auna. Inji mai cin kilo 7 ko 8, wanki da ruwan sanyi bai wuce yunit 0.3 ba, kusan naira 60 ke nan. A kan zafi 60 kusan yunit 1 ne, saboda hitar cikinsa tana jan wat 2,000 ko kusa da haka. Ruwa lita 50 zuwa 60, idan burtsatse gare ki kuɗin turo shi bai kai naira 20 ba. Omo ki sa 300. Tsufan injin kuma, a ce dubu 450 kika saye shi kuma zai yi wanki 2,500, naira 180 ke nan kowane zagaye. Duka-duka ba ki kai 750 ba. Dubu biyun Yaya ba mayar da asara ba ne, riba ce, kuma baƙo ya san hakan.

Maman Iman:
Injiniya na gode, Allah ya saka. Amma ni fa dubu 62 na gani sun tafi da idona. Kuma injin mai busarwa ne, shi ya sa ya yi tsada. Ban sayi ƙarami ba don ina son gidan ya fita daban.

Injiniya Bashir:
To ai ga inda gizo ke saƙar, da kin faɗa tun farko. Busarwa ɗaya tana cin yunit 3 zuwa 4, awa biyu zuwa uku yana hura zafi, naira 600 zuwa 850. Kuma irin wannan injin idan yana wanke kilo 8, kilo 5 kawai yake iya busarwa. Baƙo bai sani ba, sai ya cika shi maƙil, kaya su fito da danshi, ya sake kunnawa. Duk da haka ki duba: dubu 62, bayan an cire harajin kashi 7.5, kusan yunit 275 ne. Ko sau 20 suka yi wanki da busarwa, yunit 80 ne zuwa 90. Ina sauran 190? AC mai doki ɗaya da rabi yana jan fiye da yunit 1 a awa idan yana aiki sosai. Uku, gida cike da 'yan biki, ƙofa a buɗe, ga hitar wanka biyu da ba wanda ke kashewa. Ɓarawonki yana manne a bango, kin kama na kicin.

Hajiya Turai:
Ƙanwata, kada ki kuskura ki liƙa takardar kuɗin wanki. Wanda ya biya dubu arba'in ko hamsin a kwana, ki zo masa da maganar dubu biyu, abin da zai tuna ke nan, ba kyan labulenki ba. Kuma wa zai ƙirga? Maigadi zai tsaya a ƙofar kicin ne yana sauraron ƙarar inji? Ki ƙara 1,500 a kan kuɗin kwana ki rubuta "har da injin wanki". Mai kwana biyu ba zai ma taɓa shi ba, kuɗinsa ya rufe na mai kwana bakwai. Ki ajiye omo a 'yan ƙananan ledoji, ɗaya ga kowane kwana biyu, wanda aka yi don inji mai ƙofa a gaba. Na wankin hannu kumfa yake yi har ta fito ta aljihun omo, inji ya yi ta ɗauraya yana ɓata ruwa da wuta. Hypo kuwa ki kwashe shi daga gidan gaba ɗaya, in ba haka ba tawul ɗinki masu launi sun zama dabbare-dabbare.

Abu Sadiq:
Da girmamawa Hajiya Turai, wannan shawarar Abuja ce. A can ma'aikaci ne ke zuwa da riga uku a jaka. Nan biki ne, kuma duk abin da aka ce kyauta ne dangi ake kira. Mutum huɗu a takarda, goma sha biyar a falo, har bargon gidan kaka a kawo. Bargo mai nauyi idan ya sha ruwa shi ke kashe boris ɗin inji, ka ji yana ƙara kamar jirgi zai tashi, kuma gyaran boris sai an farke injin gaba ɗaya. Ga dillalai, su karɓi kasonsu su kashe waya, in an yi ɓarna ba ka ganin ƙeyarsu. Ga lalle a zanin gado, ga jan baki a matashi, ga turaren wuta ya ƙona kafet, duk mai gida ke ɗauka. Maman Iman, ki mayar da injin sito ki kulle, ya zama na zannuwan gado da tawul kawai, mai shara ce ke riƙe makulli. Baƙi kuma ki haɗa su da mai wanki da guga na unguwa, ya zo da safe ya kawo da yamma, su yi cinikinsu. Ai ko ba komai shadda ba ta inji ba ce. Ranar da gezna ta dubu ɗari da wani abu ta fito ta mutu, ba ƙyalli, in kin karɓi kuɗin wanki ke za a riƙe.

Injiniya Bashir:
Abu Sadiq, cire inji asara ce. An riga an saya. Abin da za a yi uku ne, kuma ba sai an yi musu ba. Busarwa a hana, a ɗaura igiyar shanya a baranda ko bayan gida. A Kano in ba a tsakiyar damina ba, awa biyu kaya sun bushe. Sannan a daina cajin inji, a caji wuta: yunit 25 a kwana yana cikin kuɗin ɗaki, abin da ya haura baƙo ya sayi kati da kansa. A ɗauki hoton mita ranar shiga da ranar fita a tura masa ta WhatsApp. Wanda ya san mita na ƙirga masa, da kansa zai kashe AC in zai fita. Na uku, mai gyaran wuta ya raba layin injin da layin inbata. Batir biyu masu 200Ah, abin da za ka iya ja ba tare da ka kashe su ba bai wuce yunit 2 da rabi ba, busarwa ɗaya ta shanye su tas, kuma batirin ya fi injin saurin mutuwa. A sa masa na'urar kariya mai jinkirta kunnawa idan an dawo da wuta, domin allon kwamfutar injin shi ne ke fara ƙonewa in wuta ta zo da ƙarfi.

Malama Zee:
Ƙari kaɗan. Idan a manhajar kama masauki ta Airbnb kike, ba a yarda ki tari baƙo da sabon kuɗi a hannu bayan ya biya ba. Duk kuɗin da ya zama dole sai ya bayyana a cikin farashi kafin ya kama ɗakin. Kuma in kin lissafa injin wanki cikin kayan gida sannan ya tarar da shi a kulle, yana da hujjar kai ƙara. Ɓarna kuwa ta cikin manhajar ake nema, cikin kwana 14 da fitar baƙo, da hotuna da rasit ɗin mai gyara. Idan ta Instagram ko ta hannun mutane ne, to kuɗin ajiyar ɓarna ne kaɗai garkuwarki. Ki karɓa kafin ki ba da makulli, ki rubuta adadin masu kwana, ki mayar bayan an duba gida.

Maman Iman:
Ba na kan manhaja ko ɗaya. Baƙina duk ta hannun 'yan uwa da ƙawaye suke zuwa, waɗannan ma dangin kishiyar yayata ne. Ta yaya zan dubi idonsu in ce su ajiye kuɗin ɓarna? Ƙarin farashi kuma ba zai yiwu ba, gidan da ke bayanmu ya fi ni araha da dubu biyar kuma yana da sola. Hana busarwa ma, to me ya sa na sayi mai tsadar? Kuma baranda ta titi take kallo, ba zan so a riƙa shanya kayan ciki a nan ba.

Hajiya Turai:
Maganar yunit 25 ɗin nan ma ni ban yarda da ita ba. Gidan baƙi ne ko ɗakin kwanan ɗalibai? Wata uku na zafi, Maris zuwa Mayu, AC biyu kawai za su cinye wannan kafin la'asar ɗin gobe. Kati ya ƙare ƙarfe biyun dare, wa za a kira?

Injiniya Bashir:
Sai a mai da shi 35 a bazara, Hajiya, lamba ce ba aya ba. Ka'idar ita ce mai ci shi ke biya. Maman Iman, ke kuma kin ƙi ƙari, kin ƙi ajiya, kin ƙi igiya. In dole sai kin caji wani abu, to busarwa za ki caja, dubu ɗaya, wanki ya zama kyauta. Ki sa ƙaramin mita a soket ɗin injin, mai ɗaukar amfiya 13 zuwa sama, shi zai nuna yunit nawa aka ci, ba sai maigadi ya yi shaida ba.

Abu Sadiq:
Mita a soket? Sai su zare su soka a na firji.

Baban Walid:
Har yanzu ba a faɗi kuɗin kwana ba, ba a faɗi rukunin wuta ba. Idan ba Band A take ba, dubu 62 ya fi yunit 275 nesa ba kusa ba, kuma lissafin gaba ɗaya ya canza. Sai a fara zargin ko wani ya ja waya daga mitarta.

Maman Iman:
Baban Walid, maigidana ne ke sayen katin, zan tambaye shi in ya dawo. Maƙwabtanmu mutanen kirki ne, ba na zargin kowa. Injiniya, na buɗe wajen, duwatsun leshi ne cike da hannu da fil huɗu, ƙofar ta buɗu alhamdulillah, amma yanzu ruwa na ɗiga ta ƙasan murfin. Yaya ya sake kira, ya ce shi dai ya riga ya sa an buga takardar dubu biyun, gobe zai aiko da ita. Akwai wanda ya san mai gyaran da zai iya zuwa Hotoro kafin Juma'a?