Zagayayye ko mai kusurwa huɗu: a kan wane dandamali za a tsayar da soja?

Mai Fenti: Jama'a, na daɗe da wannan magana a raina, yau na kawo ta fili. Duk wanda zai fara tara 'yan sojojin wasan yaƙi na kan tebur, ya manna su a zagayayyen dandamali kawai ya huta. Soja ya fi fitowa a kai, ido na sauka kan fenti. Awo ma babu gardama, ta ko'ina ka ɗora ma'auni, daga tsakiya zuwa baki tsawo ɗaya ne. In wasan sahu ya taso, wato wanda runduna ke tafiya a jere kafaɗa da kafaɗa, a jera su cikin tire mai ramuka. Wasan Warhammer 40,000 tun 1987 a kan zagayayye yake, Age of Sigmar ma da ya fito a 2015 shi ya ɗauka.

Sarkin Sahu: Malam, ban yarda ba ko kaɗan. A wasan sahu kusurwa tana cikin dokar wasan. A Warhammer Fantasy daga kusurwar rundunar ake ja layi a gane ina ne gaba, ina ne gefe, ina ne baya. Wanda ya afka maka ta gefe ya rushe maka ƙarfin sahu, wani lokacin nan yaƙin yake ƙarewa. Na taɓa bugawa da wani da ya jera zagayayyu ba tire, muka ɓata kusan rabin awa muna musun ko ta gaba na shigo masa ko ta gefe, wasan bai ƙara daɗi ba har muka tashi. Kuma da aka dawo da wasan sahu a The Old World a 2024, ai mai kusurwa huɗun aka dawo da shi.

Mai Fenti: To ai ka faɗa da bakinka, ba tire. Tiren yana da kusurwa huɗu, shi zai ba ka layinka.

Mai Dawakai: Ƙanena, tiren ba ya gyara komai da komai, ɗauko ma'auni ka gani. A tsohon tsarin Warhammer Fantasy sojan ƙasa, mutum ko dwaf (gajeren mutumin tatsuniya), milimita 20 ne dandamalinsa. Biyar a sahu, faɗin gaba milimita 100 ke nan. Ka jera zagayayyu biyar masu milimita 25, ka tashi da 125, ba a ma lissafa katangar da ke tsakanin ramukan ba. Rundunarka ta yi faɗi, juyawa ta ƙara cin tafiya, abokan gaba da yawa za su samu wurin taɓa ka, ratar da kowa ke bi tsakanin gida da daji kai ba za ka shige ba. Inda zan ba ka gaskiya shi ne sabon tsarin The Old World, tunda an ɗaga yawancin sojan ƙasa zuwa 25, zagayayye mai 25 yana zama daidai a gurbinsa. Amma dawakai fa? Dandamalinsu mai siffar ƙwai na 60 da 35 ba zai shiga gurbin 30 da 60 ba, ko ka matsa shi.

Auta: Yaya, ni sabon shiga ne, wasan da nake so kuma na sojoji goma ne, kowa na tafiyarsa shi kaɗai. A nan ma siffar tana da tasiri?

Mai Dawakai: Tana da shi, Auta, kuma a nan Mai Fenti ne da gaskiya. Zagayayyu shida ne kawai za su iya taɓa ɗaya mai girmansu. Mai kusurwa huɗu kuwa takwas za su kewaye shi, huɗu ta gefe, huɗu ta kusurwa. Sannan mai 25 daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai kusan 35, mutum na iya ɗan karkata sojansa ya ci nisan da bai yi tafiyarsa ba. Kai dai sayi zagayayye.

Baba Na Tarihi: Yara, kuna ta magana kamar siffa biyu ce kaɗai a duniya. Mu masu yaƙe-yaƙen zamanin dā, a wasan DBA da ya fito a 1990, ba ma ƙirga soja ɗaya ɗaya. Galibi sojoji biyu, uku ko huɗu ake mannawa a dandamali guda mai faɗin milimita 40 idan sojojin na milimita 15 ne, dandamalin nan shi ke tafiya, shi ke faɗa, shi ake ɗaukewa in an ci shi. Faɗin kowa ɗaya ne don gaba ta haɗu da gaba daidai. Ka je BattleTech kuma, wasan yaƙin manyan mutum-mutumi, dandamalin mai kusurwa shida ne, saboda taswirar haka aka zana ta, kuma duk juyawa zuwa gefe ɗaya sai ta ci maka maki ɗaya na tafiya. Ina tirenka zai shiga a nan, Mai Fenti?

Mai Fenti: Baba, a waɗannan biyun na sallama. Amma ga mai sojojin milimita 28 da yake son runduna ɗaya ta yi masa wasa biyu, ina nan kan bakana. Zagayayye mai 25, a manna ɗan maganaɗisu a ƙarƙashi, a shimfiɗa siririn ƙarfe a cikin tire. Yau sahu, gobe kowa shi kaɗai, ba sai ka ɓamɓare ƙafar soja daga gam ba.

Sarkin Sahu: Saura abu ɗaya da ba ka gwada ba. Sojan da aka ƙera don zagayayye yakan ware hannu, takobi can, garkuwa can. Ka jera ashirin kafaɗa da kafaɗa, makamansu za su sarƙe, fentin da ka kwana kana yi ya goge. Ni kafin in sa gam sai na jera sahun duka na gani, in rubuta wa kowane soja lambarsa a ƙasan dandamali don ya koma gurbinsa. Gwada da masu mashi ashirin a tirenka, biyar biyar sahu huɗu, ka faɗa mana ko sun zauna.

Mai Fenti: Ina da goma sha shida a ƙasa yanzu, sauran huɗun ba su bushe ba. Gobe zan jera su.