Me ya sa ƙungiyar gama-kai take sayen kaso a tashar nukiliya?

Mai Neman Sani: Assalamu alaikum. Na karanta cewa a Amurka wasu ƙungiyoyin gama-kai na wutar lantarki, waɗanda mazauna karkara masu amfani da wutar su ne mamallakansu, suna da kaso a tashoshin nukiliya. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wace riba ƙungiya take samu a tashar da ba ita ke gudanar da ita ba?

Injiniya: Wa alaikumus salam, Malam. Ribar ita ce wutar kanta, domin kowane mai kaso yana karɓar wuta gwargwadon kasonsa, kuma yana biyan kuɗin gini da gyara da makamashi gwargwadon haka. Ƙungiyar Allegheny tana da kashi 10 cikin ɗari na tashar Susquehanna a jihar Fensilbaniya, Old Dominion kuma tana da kashi 11.6 na North Anna a Bajiniya. Irin wannan tasha tana aiki dare da rana, kuma kuɗin yuraniyom, wato makamashin da take amfani da shi, ƙaramin ɓangare ne na abin da ake kashewa, saboda haka tashin farashin iskar gas, wadda wasu tashoshin wuta ke aiki da ita, ba ya girgiza masu kason sosai.

Tsohon Akawu: Gaskiya ne, Injiniya, amma wannan daɗin sai bayan an kammala ginin. Dubi ƙungiyar Oglethorpe a jihar Jojiya, mai kashi 30 na tashar Vogtle. An kiyasta sababbin rukunai biyu na samar da wuta, na uku da na huɗu a tashar, za su ci kimanin dala biliyan 14, suka haura biliyan 30, kamfanin Westinghouse da ya tsara su ya durƙushe a 2017, kuma rukuni na uku bai fara aiki ba sai 2023, na huɗu a 2024. Ragamar aikin tana hannun kamfanin Southern Nuclear, amma dole ƙungiyar ta ɗauki rabonta na ƙarin kuɗin, kuma da yake ba ta da masu hannun jari na waje, nauyin yana komawa kan mambobinta ta hanyar kuɗin wuta. An ga abin da ya fi haka muni a Luwiziyana, inda bashin kashi 30 na tashar River Bend ya kai ƙungiyar Cajun ga neman kariyar kotu daga masu bin ta bashi a 1994.

Mai Neman Sani: Na gode. To, idan wa'adin tashar ya ƙare, wa ke biyan kuɗin rushe ta?

Injiniya: Masu kason ne, kowa gwargwadon nasa. Hukumar NRC mai kula da harkar nukiliya ta wajabta wa masu lasisi su tanadi wannan kuɗi tun tashar tana aiki.